Shiru Ma Magana Ce: Yadda Kwamfuta Ke Tambayar Kalmar Sirri

'Yan'uwana 'yan makaranta, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi ɗan bayani a kan wani abu ƙarami wanda yake ruɗa duk wanda ya soma koyon aiki da kwamfuta ta hanyar rubuta mata umarni. Abin kuwa shi ne, in manhaja ta tambayi mutum kalmar sirrinsa, ya shiga dannawa, sai ya ga babu abin da ya fito a fuskar kwamfutar. Ba harafi, ba ɗigo, ba tauraro. Ko 'yar alamar nan mai ƙiftawa ba ta motsawa daga inda take. Wanda bai sani ba sai ya ce madannan sun lalace, ko kuwa kwamfutar ce ta sandare. Alhali kuwa lafiyarta lau, tana jin duk abin da aka danna. Shirun nan da gangan aka sa mata shi, kuma yana da tarihin da ya girmi iyayen da yawa daga cikinmu.

Kafin in shiga cikin maganar sosai, ya kamata in bayyana abin da nake nufi da rubuta wa kwamfuta umarni, domin na san yawancinmu ba ta nan muka saba da ita ba. Hanyar da kowa ya sani ita ce ta hotuna: ka taɓa hoto a wayar hannu, ko ka kai kibiya kan wata alama ka danna, abu ya buɗe. Amma akwai tsohuwar hanya wadda ta riga wannan, har yanzu kuma ba ta mutu ba. Ana buɗe wata taga wadda ba ta da hoto ko ɗaya, galibi baƙa ce wuluk, sai rubutu kawai. Mu a ƙungiyar kwamfuta ta makarantarmu baƙin allo muke ce mata, saboda ta yi kama da na aji. Kai za ka rubuta umarni a layi guda, ka danna madannin Enter, ita kuma ta ba ka amsa a layin da ke ƙasa. In ka rubuta date, ta faɗa maka kwanan wata da lokaci. In ka rubuta ls, ta jero maka sunayen fayilolin da ke wurin. Ta wannan hanya ce masu kula da manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet suke yin yawancin aikinsu, sau da yawa kuwa suna zaune a wani gari, kwamfutar tana wata ƙasa dabam. Mu ma da ita muke koyo a kan Linux, watau babbar manhajar tafiyar da kwamfuta wadda wani ɗalibin jami'a a ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya soma rubutawa a shekarar 1991.

To, ga asirin abin. Mu duka muna zaton in ka danna harafin B, madannin ne yake rubuta B a fuskar kwamfuta, kamar yadda ƙarfen tafireta yake bugun takarda. Ba haka ba ne. Harafin tafiya yake yi zuwa cikin kwamfutar tukuna, ita kuma ta karɓa, sa'an nan ta maido maka da shi ka gani. Saurin abin ne ya sa ba mu lura. Masana suna kiran wannan maidowa amsa kuwwa, kamar yadda in ka ƙwala kira a gindin dutse muryarka take komo maka.

Asalin wannan tsari daga zamanin da kwamfuta ba ta da fuska ne. A shekarun 1960 kwamfuta guda takan cika ɗaki, mutane kuma sukan yi magana da ita ta wata na'ura mai kama da tafireta, wadda aka haɗa da ita da waya, ana kiranta teletaif. Wadda ta fi shahara ita ce Teletype samfuri na 33, wadda ta fito a 1963, tana buga haruffa 10 cikin daƙiƙa guda a kan doguwar takarda mai naɗi. Amfanin amsa kuwwa a lokacin babba ne. In harafin da ya komo kan takarda shi ne wanda ka danna, ka tabbata saƙonka ya isa lafiya, wayar ba ta ɓata shi a hanya ba. Na'urorin nan sun daɗe da shiga gidan tarihi, amma sunansu bai tafi ba. Har gobe in ka rubuta tty a baƙin allon Linux zai faɗa maka sunan tagar da kake ciki, haruffan nan uku kuwa gajarta sunan teletaif ne.

Tun da kwamfuta ce mai maido da harafi, ashe tana iya ƙin maidowa. Nan maganar take. In lokacin kalmar sirri ya zo, sai manhaja ta ba da umarni a kashe amsa kuwwa, haruffa su riƙa shiga amma ba su komowa. A zamanin takarda tilas ne a yi haka, domin duk abin da aka buga ya zauna ke nan. Mutum ya gama aikinsa ya yage takarda ya jefa a kwandon shara, ko ya manta da ita a kan tebur, kowa ya zo ya karanta. Wasu na'urorin ma su da kansu suke buga harafi ba tare da jiran kwamfuta ba, ba yadda za a hana su. Sai aka yi musu wata dabara wadda take ba ni sha'awa ƙwarai: kwamfuta ta fara bubbuga haruffa bisa juna a wuri guda har wurin ya yi baƙi ƙirin, sa'an nan ta komo farkon wurin, mutum ya rubuta kalmarsa a kan baƙin, ba mai iya karantawa.

Ita kanta kalmar sirri ta kwamfuta tsarar waɗannan na'urori ce. A shekarar 1961 wani malami mai suna Fernando Corbató, da abokan aikinsa a jami'ar MIT ta Amurka, suka nuna wani tsari da ake kira CTSS, wanda ya ba mutane da yawa damar aiki da kwamfuta guda a lokaci guda. Mu 'yan makarantar kwana mun fi kowa sanin abin da irin wannan zama yake jawowa. In mutum talatin suna kwana a ɗaki guda, tilas kowa ya nemi kwaɗo ya sa wa akwatinsa, ba don duka ɓarayi ne ba, sai don garin kwaki da sukari ba su da bakin kiran mai su. CTSS yana cikin tsare-tsare na farko da aka ba kowane mai aiki suna da kalmar sirri, don kada wani ya shiga fayilolin wani.

Abin da ya sa na shiga binciken wannan magana shi ne, a zangon karatun da ya wuce malaminmu na kwamfuta ya ba ƙungiyarmu aikin rubuta 'yar manhaja wadda za ta riƙa ajiye sunayen waɗanda suka ari littafi a laburare, da ranar da za su maido. Wannan ba wasa ba ne, domin duk wanda sunansa ya rage a kan littafin da ya ɓata, iyayensa ne za su biya kafin a ba shi takardar sakamako. Saboda haka ba kowa ya kamata ya iya share suna ko ƙara wani ba, sai malamin laburare da mataimakinsa. Ga shi kuwa kwamfutar a tsakiyar laburaren take, kullum da mutum biyar ko shida tsaye a bayan mai aiki, suna jiran a rubuta musu, idanunsu duka a kan allo. In kalmar ta fito fili ko sau ɗaya, kafin a buga ƙararrawar abincin dare ta gama zaga ɗakunan kwana.

Abin da manhaja za ta yi don ta karɓi kalmar cikin sutura bai da yawa, amma kowane mataki da dalilinsa. Da farko ta rubuta tambayarta. Sa'an nan ta duba yadda aka saita baƙin allo a daidai wannan lokaci, ta ajiye a ranta. Sai ta ce a kashe amsa kuwwa, ta saurari abin da ake dannawa har a danna Enter. Daga nan ta maida saitin yadda ta same shi. Abu na ƙarshe, wanda mai koyo ba ya tunawa da shi sai ya ga aikinsa ya karkace, shi ne ta sauka layi da kanta. Dalili kuwa, shi ma Enter ɗin ba a maido da shi ba, in ba ta sauka ba sai rubutu na gaba ya manne a jikin tambayar. Duk mai son gani da idonsa yana iya gwadawa a ɗakin kwamfuta: ya rubuta stty -echo ya danna Enter, zai ga rubutunsa ya ɓace. Ya rubuta date a makance, amsa za ta fito kamar kullum. In ya gaji ya rubuta stty echo, rubutu ya komo. Gani ya kori ji.

Mu da harshen Python muka rubuta tamu manhajar, watau harshen da wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. A cikinsa in kana son tambayar mutum sunansa ko lambar littafi, da kalmar input kake aiki, ita kuwa tana nuna duk abin da aka danna. In kalmar sirri ce sai ka koma ga getpass, wadda take yin duk matakan nan da na ambata ba tare da ka wahala ba. Har ma in ta tarar tana wurin da ba ta iya kashe amsa kuwwa, takan gargaɗi mutum cewa ana iya ganin abin da zai rubuta. Tana kuma da wata hikima. A baƙin allo ana iya juya amsar manhaja ta tafi cikin fayil maimakon ta fito a fuska, kamar yadda muke yi in za mu buga sunayen masu riƙe da littattafai a kafa a allon sanarwa. Da a ce tambayar kalmar sirri tana bin wannan hanya, da sai ta faɗa cikin fayil ɗin, malamin laburare yana zaune yana kallon allo bai san ana jiransa ba. Ita getpass takan nemi tagar da mutum yake zaune gabanta, ta yi tambayar a can, ta karɓi amsar a can. Shawarata ga duk mai koyo ita ce ya gwada rubuta matakan da hannunsa sau ɗaya don ya fahimta, amma in aikin gaske ne ya ɗauki wadda aka riga aka yi, wadda dubban mutane suka gwada.

Matakin da ya fi dukansu wuya shi ne na maida saiti. In komai ya tafi daidai ba matsala. Amma mutum yana iya fasawa a tsakiyar tambaya, ya danna Ctrl da C tare, abin da yake tsayar da manhaja nan take. In mai rubuta manhajar bai yi tanadin wannan ba, sai ta mutu ta bar amsa kuwwa a kashe. Wanda ya zo bayansa ya zauna ya yi ta dannawa bai ga komai ba, ya tashi ya kai ƙara cewa kwamfuta ta lalace. Na taɓa ganin an kashe kwamfuta daga bango saboda wannan, alhali stty echo kawai take bukata. Don haka manhajar kirki takan sa maida saiti a wurin da tilas sai an bi ta kai, ko an gama lafiya, ko an fasa, ko kuskure ya auku. Wanda ya ari kujera daga wani aji, ko taro ya watse da faɗa, shi ne dai zai maida ita.

Akwai kuma masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne. Sukan ce, me zai hana a rubuta kalmar sirri a jikin umarnin tun farko, watau sunan manhaja, sai sunan mutum, sai kalmarsa, duk a layi guda, a huta da tambaya? Wannan ita ce hanya mafi muni, illarta kuwa uku ce. Ta farko, ai ga ta nan ɓaro-ɓaro a fuskar kwamfuta. Ta biyu, baƙin allo yana da littafin tarihi, yana ajiye umarnin da aka rubuta a cikin wani fayil, ko an kashe kwamfuta an kunna yana nan. Wanda ya zo bayanka a wannan sunan, in ya danna madannin kibiya mai kallon sama, sai layinka ya komo masa sukutum da kalmarka a ciki. Ta uku ta fi ban tsoro, domin ba ka ma ganinta. Akwai umarnin da ake kira ps, wanda yake jero manhajojin da suke aiki a kwamfuta tare da layin da aka tashe su da shi, a yawancin kwamfutocin Linux kuwa kowane mai suna a kwamfutar yana iya ganin na kowa. Shi ya sa shahararriyar manhajar ajiye bayanai, MySQL, take fitar da gargaɗi in mutum ya ba ta kalmarsa ta wannan hanya. Abin da aka danna bayan tambaya kuwa ba ya shiga littafin tarihi, ba ya fita a ps.

Da yake mutum a makance yake rubutu, sai wasu al'adu suka biyo baya. In sabuwar kalma za a sa, akan tambaya sau biyu a gwama, domin in yatsa ya zame a karon farko ba wanda ya gani, sai mutum ya kulle kansa a waje da kalmar da shi ma bai sani ba. In an yi kuskure wajen shiga, akan ɗan jinkirta kamar daƙiƙa biyu kafin a sāke tambaya. Ga mai gaskiya wannan ba komai ba ne, amma ga mai lalube wanda yake son gwada kalma dubu, tafiya ta yi nisa. Manhajar sudo, wadda ake bi ta kanta in za a yi aikin da sai mai iko da kwamfuta, bisa al'ada sau uku take tambaya, sa'an nan ta sallami mutum.

Har ila yau, manhaja ba ta faɗa wa mutum ko sunan ne ba daidai ba ko kalmar, sai dai ta ce shiga bai yiwu ba. A nan akwai wani labari mai daɗi daga Unix, watau tsarin da Linux ya kwaikwaya, wanda aka soma a 1969 a ɗakin binciken kamfanin waya na Bell a Amurka. Biyu daga cikin mutanen wurin, Robert Morris da Ken Thompson, sun rubuta wata maƙala a 1979 a kan tsaron kalmar sirri. A ciki sun ba da labarin cewa akwai lokacin da in aka ba da sunan da ke akwai, kwamfutar takan ɗauki kamar rabin daƙiƙa tana lissafi kafin ta ƙi, in kuwa sunan ƙarya ne sai ta ƙi nan take. Bakinta bai faɗi komai ba, amma jinkirinta ya tona asiri, mai wayo yana iya gane sunayen gaske ta hanyar auna lokaci. Sai suka gyara, ta riƙa yin lissafin ko sunan na gaske ne ko na ƙarya.

Wane lissafi ne wannan? Shi ne amsar tambayar da ta biyo baya, watau in manhaja ta karɓi kalmar, ina za ta kai ta? A CTSS, a cikin fayil guda aka zuba kalmomin kowa yadda suke, abin kuwa bai yi kyau ba. Wani ɗalibi mai neman digirin dakta, Allan Scherr, wanda aka ba awa 4 kacal a mako, ya ga ba su isarsa, sai ya nemi a buga masa fayil ɗin a takarda, ya riƙa shiga da sunayen mutane. Shi da kansa ya ba da labarin bayan shekaru da yawa. Wata rana kuma ma'aikata biyu suna gyara a lokaci guda, ɗaya yana gyaran fayil ɗin kalmomin sirri, ɗaya yana gyaran saƙon maraba, sai manhajar gyaran ta musanya su. Duk wanda ya shiga a ranar, maimakon sannu da zuwa, sai na'urarsa ta shiga buga masa kalmar sirrin kowa da kowa.

Maganin da aka samo, wanda ake danganta shi ga Roger Needham na jami'ar Kambirij a Ingila, shi ne kada a ajiye kalmar sam. A maimakon haka sai a niƙa ta da wani lissafi mai tafiya gaba kawai, a ajiye garin. Kowa ya san gero yana zama gari, amma gari ba ya komawa gero. In mutum ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya danna, a gwama da garin da ke ajiye, in sun yi daidai a buɗe masa. Morris da Thompson suka ƙara wani abu da ake kira gishiri, watau wata lamba da ake zaɓa da ka a gauraya da kalmar kafin niƙa, don ko mutum biyu sun zaɓi kalma guda garinsu ya bambanta. Nasu gishirin iri 4,096 ne, na yanzu ya fi haka nesa ba kusa ba. Amma duk wannan ba ya ceton wanda ya zaɓi kalma mai rauni. A cikin kalmomi 3,289 da suka tattara suka duba, kashi 86 cikin 100 masu sauƙin lalubowa ne, ko gajeru ne ƙwarai, ko kuwa suna cikin ƙamus da jerin sunaye. Guda 15 ma harafi ɗaya tak ne! Kalmar da shi Thompson ɗin yake aiki da ita a wancan zamani kuwa, sai a 2019 masu sha'awar tarihi suka iya lalubo ta daga wani tsohon fayil, ashe wani taku ne na darar Turawa da ake kira ces.

Ina so in ja kunnenmu a kan abu biyu waɗanda shirun nan ba ya yi. Ba ya ɓoye yatsu. Wanda ke tsaye a bayanka in bai ga allo ba yana ganin hannunka, musamman in da yatsa ɗaya kake farautar haruffa. Iyayenmu masu cirar kuɗi a wurin mai POS ko a na'urar banki, wannan ya shafe ku kai tsaye: na'urar taurari take nunawa, amma lamba huɗu ba ta da wuyar haddacewa ga mai kallon hannu, sai a riƙa rufewa da ɗaya hannun. Na biyu, shirun ba shaida ba ne cewa mai tambayar na gaskiya ne. Duk ɗalibin da ya san getpass yana iya rubuta manhaja mai layi biyar wadda za ta yi kama da ƙofar shiga, ya bar ta a kunne ya tashi. Wanda ya zo ya ba ta sunansa da kalmarsa, ta ajiye, ta ce masa ya yi kuskure, ta fita. Shi kuma ya zaci yatsansa ne ya zame. Wannan tsohuwar yaudara ce, ita ce ma dalilin da ya sa Windows NT, wadda ta fito a 1993, ta riƙa sa mutum ya danna Ctrl da Alt da Del tare kafin ya shiga, domin manhajar banza ba ta iya tare waɗannan madannai uku. A kwamfutar da ake tarayya, in ka tarar da tambaya tana jiranka ba kai ka kira ta ba, rufe tagar ka buɗe sabuwa.

Saura gardamar da muka fi daɗewa muna yi a ƙungiyarmu: shin shiru ɗungum ya fi, ko a nuna tauraro a madadin kowane harafi? Masu son shiru suna cewa taurari suna tona tsawon kalma. Gaskiya ne, amma na zauna na yi lissafin, na ga abin bai kai yadda ake faɗa ba. A ce da haruffa 26 ake aiki. Kalmomi masu harafi 8 da za a iya haɗawa sun kai 208,827,064,576. In ka tara dukan waɗanda ba su kai 8 ba, daga mai harafi 1 har mai 7, za ka sami 8,353,082,582. Watau ɓarawon da ya san tsawon kalmarka 8 ne, aikin da ya rage wa kansa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Inda taurari suke cutarwa shi ne in kalmar gajeruwa ce. Wanda ya ga taurari uku ya san ya sami nama.

Masu son a nuna wani abu su ma suna da hujja. Wani masanin sauƙaƙa aiki da kwamfuta, Jakob Nielsen, ya yi rubutu a 2009 yana cewa ɓoyewar tana sa mutane yawan kuskure, har su riƙa zaɓar gajerun kalmomi don gudun wahala. Na yarda da shi a kan mutumin da ke zaune shi kaɗai a ɗakinsa, ban yarda da shi a laburarenmu ba. Sa'an nan nuna taurari yana da nasa tsada. In shiru ne, baƙin allo ne yake tattara layin gaba ɗaya, har da gogewa in an yi kuskure, ya miƙa wa manhaja a gama. In taurari ne, tilas manhaja ta riƙa karɓar harafi ɗaya ɗaya, ta kula da gogewa da kanta, inda aiki ya yi yawa kuwa nan kuskure yake ɓuya. Manhajar sudo tana da wani saiti na nuna taurari, wanda wasu ire-iren Linux kamar Linux Mint suka kunna don saukaka wa baƙi. A watan Janairu na 2020 aka bayyana cewa wani ma'aikacin tsaro na kamfanin Apple, Joe Vennix, ya gano kuskure a daidai wannan sashe, wanda zai iya ba ƙaramin mai aiki cikakken iko da kwamfuta ko bai san kalmar kowa ba. An gyara, amma lalle garin neman ƙiba an kusa samo rama. Duk da haka masu son taurari ba su janye ba. Python na 3.14, wanda ya fito a watan Oktoba na 2025, ya ba getpass damar nuna tauraro ko wata alama in mai rubuta manhaja ya so. In bai ce komai ba, shirun nan ne dai.

Mu a manhajar laburare shirun muka bari, saboda mutanen da ke tsaye a baya. Amma mun lura abin da ke ruɗa baƙo ba rashin taurari ba ne, rashin sanarwa ne. Sai muka sauya tambayar, muka rubuta ta da Hausa, ta zama: "Rubuta kalmar sirri, ba za ka ga komai ba, in ka gama danna Enter." Malamin laburare ya karanta, ya danna kalmarsa, ya shiga a karo na farko.